Rijiyar Ƙanƙarar Baba

Lahadi, 22 ga Nuwamba, 1964

Yau bayan an fito daga coci Melchor ya hau matakala ya karanta mana labarin sabuwar hanyar mota. Kowa na tafi. Sai can a ƙarshe, da sauri-sauri, ya ce duwatsun da za a fasa a gefen tsauni za a zuba su a rijiyar ƙanƙara, tunda ba ta da amfani kuma awaki na faɗawa ciki. Rijiyar Baba fa, inda yake tara dusar ƙanƙara a hunturu ya sayar lokacin zafi. Ya faɗi haka yana kallon takalminsa, don ya san ina tsaye a wurin.

Na san Melchor magajin gari ne. Amma kafin ya zama magajin gari mijin ƙanwata ne, kafin nan kuma yaro ne mai majina da ke bin alfadarin Baba yana tara baki a ruwan da ke ɗiga daga kaya. Na tuna masa wannan a gaban jama'a. Ƙanwar tawa Obdulia ta ja hannun rigata, wai Yaya ki bari mu je gida. Na fizge.

Muka iso gida ni da mijina Ciriaco. Sai da ya rataye hularsa sannan ya ce, “Logia, yau kam kin wanke shi tas.” Na ce ai ban ma fara ba. Shekara da shekaru ina aure da mutumin nan, har yau ban san ko yabo yake ko faɗa ba.

Talata, 24 ga Nuwamba

Na sami Melchor a ofishinsa, ɗakin da ke saman mashayarsu. Ya ce, “Yaya Eulogia, rabon da a zuba ƙanƙara a ramin nan tun kafin yaƙi. Ya mutu, ki bar shi ya huta.” Na ce bai mutu ba, daina cika shi aka yi. Na tuna masa al'adar garin nan, wadda ubansa ma ya sani: duk wanda ya cika rijiyar a hunturu, ba mai taɓa ta a shekarar. Ya yi dariya har da buga tebur. “Ke da wa? Ke da Ciriaco?”

Na ce e, ni da Ciriaco.

Ga yadda muka rabu. Masu hanya ba za su iso gefen nan ba sai bayan bikin waliyyi San Roque, sha shida ga Agusta. In ranar bikin an buɗe rijiya an tarar da ƙanƙara a ciki, zai nema wa duwatsunsa wani wuri, ko da zai sa motocin su yi zagaye. In babu, a cike ta, ni kuma in rufe bakina. Fada Anselmo ya shigo neman wani abu, na kama shi na sa shi shaida. Muka yi musabaha.

Gwiwata ta hagu ba ta lanƙwasuwa sosai tun bara. Ban ga dalilin faɗa wa Melchor wannan ba.

Alhamis, 3 ga Disamba

Mun hau wurin rijiyar ni da Ciriaco da Saturio makiyayi, wanda ya yi wa Baba aiki yana saurayi. Ginin na nan daram. Bangon dutse a zagaye, rufin dutse a sama, ƙaramar ƙofa tana kallon arewa. Zurfinta ya fi tsayin cocinmu in an cire hasumiya. Amma abin da mutane suka mai da ita, tir. Ƙasusuwan alfadari, tsohuwar katifa, gwangwanaye. Mutanen da kakanninsu suka sha ruwan sanyi daga cikinta.

Muka zura Saturio da igiya, yana ta zagin kowa tun daga sama har ƙasa. Abin da na fi damuwa da shi magudanar da ke gindi ce. Baba kullum cewa yake rana ba ta isa cikin rijiya, ruwan da ya kwanta a ƙasa ne ke cinye ƙanƙara. Saiwoyi sun toshe ta. Yini guda muna zungura da sandar ƙarfe, sai dab da faɗuwar rana muka ji ta buɗe, baƙin ruwa ya ɓulɓulo ta gangare. Ciriaco ya cire hula ya gaishe da ruwan.

Lahadi, 6 ga Disamba

Na je gidan Obdulia aron tsani, sai ta ja ni ɗakin girki. “Yaya, zo ki ga nevera ta.” Firij ne suka sayo daga birni, fari fat, yana ta gurnani a lungu, har ta shimfiɗa masa ɗan kyalle mai saƙa a kai. Na ce me kika kira shi? Ta maimaita. Nevera. Sunan rijiyar Baba ke nan, sunan da kakanninmu suka san ta da shi. Ta ce ai kowa haka yake kiransa, har a rediyo. Na ce kowa ya kira, banda 'yar Baba.

Daga nan abin ya lalace. Ta ce ni ina tuna lemun tsami da ƙanƙara ranar biki, ita kuwa abin da take tunawa shi ne daren da Mama ta kwance wa Baba tsumman ƙafa aka ga yatsunsa sun yi baƙi, da ranar da wanzami ya zo ya cire su. “Ramin nan cinye mana uba ya yi, Yaya. Ni in an cike shi har rawa zan taka.” Na ce to ki fara koyon rawar, sai dai ba za ki taka ta bana ba.

Na fito ban ɗauki tsanin ba. Sai Ciriaco ne ya koma ya karɓo.

Laraba, 9 ga Disamba

Na tare Fada Anselmo a bakin famfo na tambaye shi, tunda shi ya yi karatu: sunan nan na wa ne, na rijiya ko na akwatin Obdulia? Ashe tambayar da yake jira ke nan tun da ya zo garin nan. Ya ajiye bokitinsa. Ya ce a Latin, harshen Romawan da, wanda yake mana addu'a da shi, dusar ƙanƙara nix ce, in an juya ta a ce nivis, daga nan tamu nieve ta fito. Abin da ya shafi ƙanƙara kuma su ce nivarius, ko nivaria, bakin mutane ya yi ta taunar kalmar har ta zama nevera. Wai masu hali a Roma har wani tsumma gare su na musamman, su cika shi da ƙanƙara su tace giyar inabi ta ciki.

Na ce to Fada, ka ji da bakinka, ƙanƙarar sama ce a cikin sunan, ba wayar lantarki ba. Ya ce haka ne, amma kar in manta da akwatin katakon nan mai kwano a ciki da masu kuɗi ke sa ƙanƙarar Babana, shi ma haka ake kiransa, kuma Babana bai taɓa ƙorafi ba. Sunan ya sauko daga tsauni ya shiga akwatin katako, daga can ya shiga na ƙarfe. Na ce wancan akwatin ƙanƙarar Baba yake ci, ya ci sunan da halaliyarsa. Wannan me ya ci?

Na faɗa wa Ciriaco, nix da nivis da komai. Ya ce, “Yanzu saura Romawan su zo su taya mu ɗaukar kwando.”

Asabar, 26 ga Disamba

Sanyi kamar me, amma sama wayam. A mashaya an ce Melchor na tambayar mutane ko na fara tara raɓa.

Talata, 19 ga Janairu, 1965

Ƙanƙara ta sauko. Tun asuba take zuba, manya-manya, ba iska.

Asabar, 23 ga Janairu

Hannuna da kyar yake riƙe alƙalami. Tun ranar Laraba muke sama. Muka shimfiɗa rassan itace a gindin rijiya don kada ƙanƙara ta taɓa ƙasa, muka jera karan alkama a jikin bango. Ni da Saturio muna tarawa da shebur muna juye kwanduna ta ƙofa, Ciriaco na ciki da madaɓi yana daɓewa, yana zagayawa da ƙafa an naɗe ta da buhu. In ta kai tsayin gwiwa ta yi tauri, a baza kara, a sake wani hawa a kai. A zamanin Baba maza ne cike da rijiyar, ana waƙa, ana canjin hannu kafin ƙafa ta mutu. Mu ba mai canjinmu. Nakan fito da shi in zaunar da shi bakin wuta, in sauka da kaina. Baba bai taɓa barin mace ta sauka ba. To, Baba ba ya nan.

Wasu samari sun hau kallo, hannu a aljihu. Ɗaya ya ce, “Iya, a gidan magajin gari danna abu kawai ake yi.” Na miƙa masa shebur na ce danna wannan. Kunya ta sa ya yi mana aiki har yamma, washegari ya dawo da abokinsa.

Ciriaco ya yi ƙoƙarin tayar da waƙar masu daɓe, muryar ta ƙi fita. Ya ce sanyi ne.

Litinin, 8 ga Fabrairu

An sake yin wata, ba ta kai ta farko ba. Mun ƙara hawa biyu. Duk da haka ba mu kai kwatan rijiyar ba, kuma na san abin da hakan ke nufi: ƙanƙara mai yawa ita ke tsare kanta, kaɗan kuwa sai an yi mata gata. Na zuba duk karan da muke da shi a kai, har wanda na ajiye wa alfadari. Muka rufe ƙofa, muka yaɓe da laka, muka jera duwatsu. Ba mai buɗewa sai ranar San Roque. In ba a taɓa ta ba za ta kai, na rantse za ta kai.

Lahadi, 7 ga Maris

Yau Fada ya yi rabin addu'a da harshenmu, wai umarni ne daga Roma, an rage Latin. Yana yi yana tuntuɓe kamar ɗan koyo. Da aka fito na ce masa, Fada, kai ma an fara zuba duwatsu a taka rijiyar. Bai yi dariya ba.

Muryar Ciriaco har yanzu a dishe. Zuma, tafasasshen ganye, ba abin da ban ba shi ba.

Alhamis, 8 ga Afrilu

Mun dawo daga asibitin birni. Likita ya fitar da ni waje ya yi mini magana a tsaye. Wani abu ne ya tsiro a maƙogwaro, ya yi nisa, wuƙa ba za ta yi ba. Na tambaye shi kai tsaye ko aikin ƙanƙara ne ya jawo. Ya ce a'a, abin ya daɗe a ciki, tun kafin hunturu. Na sa shi ya maimaita.

A mota Ciriaco ya raɗa mini, “Me ya ce?” Na ce ya ce ka rage surutu. Ya yi murmushi ya juya yana kallon gonaki. Ya sani.

Juma'a, 30 ga Afrilu

A wurin wanki mata sun yi shiru da na iso. Na san me ake cewa, wai na kashe mijina a rami saboda taurin kai. Na ajiye kwandona a tsakiyarsu na ce wadda ke da magana ta faɗa yanzu ina ji, kunnena lafiya lau. Ba wadda ta ɗaga kai. Na wanke kayana tsaf, ban yi sauri ba.

Da na dawo gida na shiga wurin alfadari na yi kukana.

Talata, 18 ga Mayu

Na hau na duba magudana. Ɗigo kaɗan-kaɗan, yadda ya kamata. Na kara kunne a ƙofa, ban san me nake son ji ba.

Asabar, 12 ga Yuni

Zafi ya shigo da wuri. Burodi ya daina wucewa, sai romo da madara, su ma da kyar. Yana cewa wuta ce a wuyansa. Likitan garinmu ya ce abu mai sanyi sosai zai kashe masa zafin har ya samu ya haɗiyi abinci.

Ba a jima ba sai ga Obdulia a ƙofa da kwano an rufe da tsumma. Rabonta da gidan nan tun Disamba. “Yaya, ba don ke na kawo ba.” Na buɗe, ƙananan ƙanƙara masu kusurwa huɗu, duk girmansu ɗaya. Na rufe na mayar mata. Na ce mijina yana da tasa. Ta ce, “Tasa tana bayan laka da duwatsu, ke kika yaɓe.” Ta ajiye kwanon a dokin ƙofa ta tafi. Na bar shi a nan har ya zama ruwa, kaji suka sha.

Amma maganarta ta zauna mini a ƙirji.

Lahadi, 13 ga Yuni

Baba yana da doka guda da ba ya karyawa. Ana buɗe rijiya ne in lokacinta ya yi, amma in an zo an ce ga mai zazzaɓi, ga mai jego, ga wanda jini ya ƙi tsaya masa, to ko wace rana ce zai ɗauki zarto ya hau. Ba ya tambayar ɗan gidan wa ne. Na sha riƙe masa alfadari.

Na faɗa wa Ciriaco zan buɗe. Ya kama hannuna, ya raɗa, “Kar ki yi. Saura wata biyu. Karɓi ta Obdulia.” Na ce mutumin da ya daɓe ƙanƙara da ƙafarsa shi zai sha ta inji? Taka ce, kai ka yi ta. Ya ce in na buɗe ba za ta kai ba. Na ce na fi ka sani. Rijiyar da za a rufe wa mara lafiya, gara a cike ta da duwatsu.

Ya ce, “Kai, matar nan.” Ya saki hannuna.

Litinin, 14 ga Yuni

Na hau da sassafe kafin rana ta leƙo. Na fasa lakar da hannuna ya yaɓa. Sanyin da ya bugi fuskata, da ƙamshin jiƙaƙƙen kara, sai da na dafa bango. Tana nan. Ta sauka kaɗan, ta yi tauri, zarto na kuka a jikinta. Na yanko gwargwadon burodi, na naɗe da kara da bargo, na toshe ƙofa da buhuna na sauko.

Na kankare masa da cokali na ɗiga zuma, lemun tsami zai yi masa zafi. Ya riƙe a baki ya lumshe ido. Bayan nan ya shanye romo kwano guda, har da ƙwai a ciki. Ya ce tana warin alfadari. Na ce in ba ka so kawo. Ya rungume kwanon.

Alhamis, 24 ga Yuni

Kullum da asuba. Gwiwar ta kumbura, Saturio na karɓata wata rana. Labari ya bazu, matar mai gasa burodi ta zo, jikarta na zazzaɓi. Na ba ta. Me zan ce, doka ce. Tana cikin waɗanda suka yi shiru a wurin wanki, na ga ta kasa haɗa ido da ni. Na dai nuna mata yadda ake naɗewa.

Asabar, 10 ga Yuli

Magudana ta daina ɗigo, yanzu zuba take. Duk buɗewa iska mai ɗumi na shiga, kuma inda zarto ya ci nan ƙanƙarar take fara zagwanyewa. Ta rabu da bango, ta koma tsibi a tsakiya. Fada ya hau tare da ni yau, yana haki, ya leƙa ya daɗe. Ya ce zai iya shaida wa Melchor cewa ya gani da idonsa a watan Yuli. Na ce ba Yuli muka ce ba. Ya ce to in rage yankan, in haɗa da ta ƙanwata, ko Allah zai sa ta kai. Na ce Fada, ka tsaya a Latin ɗinka.

Laraba, 21 ga Yuli

Ciriaco ya rame, zobensa ya faɗo a cikin kwano. Magana ta kusa ƙarewa, sai nuni. Amma in ya ji takun alfadari a waje yakan gyara zama.

Lahadi, 1 ga Agusta

Ba ta fi girman akuya a kwance ba.

Litinin, 9 ga Agusta

Na kwaso ta ƙarshe da hannu, ba ta buƙatar zarto. Baƙa-baƙa, duk kara. Saura mako guda cif. Na zauna a gindin rijiyar a kan jiƙaƙƙun rassa, na ɗaga kai ina kallon rufin. Ban yi nadama ba, kuma duk wanda ya zo yana jiran in yi, zai daɗe a tsaye. Na bar ƙofar a buɗe na sauko.

Na wanke ta, na ba shi a hankali, ta kai mu har yamma.

Talata, 10 ga Agusta

Melchor ya zo duba Ciriaco, hula a hannu. Da zai fita ya tsaya yana murza ta. “Yaya Eulogia, kowa ya ga abin da kika yi. In kina so in rubuta wa masu hanya, in ce...” Na ce ka ce me? Na ce San Roque, kai ma ka ce San Roque, a gaban Fada. Ba na son sadaka. Ka turo motocinka.

Ruwan tulu na ba Ciriaco yau. Na jiƙa tulun na rataye a inuwa inda iska ke bi. Bai yi sanyin da zai wuce ba.

Laraba, 11 ga Agusta

Ko madara ba ta wucewa. Yana ƙoƙari don in gani, tana dawowa. Bai nuna komai ba, bai ce Obdulia ba, ya dai kwanta yana kallon silin leɓensa a bushe. Da ma ya yi mini faɗa.

Alhamis, 12 ga Agusta

Na bi ta bayan gidajen mutane da kwano a ƙarƙashin mayafi. Na tarar da Obdulia a ɗakin girkinta tana fere dankali. Na tsaya a ƙofa na ce na zo ne saboda shi. Ta ce ta sani. Ta tashi ta buɗe akwatin nata, ta fito da faranti huɗu cike da ƙanƙara, ba ɗaya ba. Ashe tun Yuni kullum sai ta cika su, in sun kwana ta zubar ta sake sabon ruwa, wai kada su ɗauki warin kifi. Melchor ne ya faɗa daga bakin ƙofa, ta ce masa wa ya tambaye ka.

Ban iya ɓamɓaro su ba, ta karɓa ta zuba wa bayan farantin ruwa suka faɗo. Na ce ƙanana ne, ba za su kai gida ba. Ta fita tsakar gida ta dawo da kara da tsohon bargo, ta dunƙule su wuri ɗaya, ta naɗe, ta juya bakin bargon ƙasa ta ɗaure. Hannunta bai manta komai ba.

Ciriaco ya sha. Ya haɗiyi madara rabin kofi. Ya kalle ni ya shaƙi hanci, wato ba warin alfadari. Na ce sha ka yi mini shiru.

Litinin, 16 ga Agusta

San Roque. Ganguna da wasan wuta tun safe. An ce Melchor da Fada sun hau su kaɗai sun leƙa, don a cika magana. Ban je ba, ina da aiki.

Talata, 17 ga Agusta

Motar farko ta juye duwatsu a rijiya da hantsi. Ban zaci za a ji daga nan ba, amma an ji, har kofuna suka motsa a kan kantar kwanuka. Ina fasa ƙanƙara a tsumma a lokacin. Ciriaco ya kama wuyan hannuna yana kallona. Na ce buɗe bakinka, tana narkewa.

Obdulia na ɗakin girkina, ta biyo ni da sauran faranti. Na same ta tsaye da wuƙa a hannu ba ta yanka komai. Mota ta biyu ta juye. Ta ce, “Yaya, kin tuna in ta zama wayam a kaka, mu leƙa mu kira sunanmu ta amsa mana?” Na ce ban tuna ba. Ta ce ita kullum nata ya fi daɗewa yana yawo a ciki. Na ce ƙarya ne, nawa ne. Sai mota ta uku ta juye.

Ba wai na sauko ba ne. Akwatin nan har yanzu gurnaninsa na hawa mini kai, ƙanƙararsa kuma ba ta da ɗanɗanon komai. Amma ya sha madara kofi guda yau, ya yi barci bakinsa a rufe.

Ta ce gobe ita za ta kawo, wai saboda gwiwata. Na ce ba abin da gwiwata ta yi. Ta ce duk da haka. Na ce to ta zo da wuri, kafin rana ta yi zafi, kuma in ta zo kar ta tsaya a ƙofa kamar baƙuwa, akwai wanke-wanke.